Buhu Ashirin a Bayan Tarakta

Kowace ƙungiyar manoma a Mubi tana da mutum guda da ake miƙa wa takarda idan ta zo da Turanci. A tamu ni ne. Ba don na fi kowa noma ba. Gonata ce ƙarama a cikin na 'yan ƙungiya, kuma masarata ba ta taɓa hana maƙwabci barci ba. Sai dai na yi shekaru ina koyar da lissafi a firamare, ina da tabarau mai igiya, na kuma iya riƙe takarda nesa da fuska in gyaɗa kai kafin in buɗe baki. A wurin taro wannan kaɗai ya isa a ba mutum Sakatare. Aka ba ni, na karɓa, ban ko yi irin kawaicin nan na "ai akwai waɗanda suka fi ni" ba, domin na duba ɗakin sosai ban gan su ba.

Shekarar da muka haɗa kuɗi da bashi muka sayi tarakta ta hannu, ja, mai ƙarfin doki 75, irin wadda za ka yi ta cin karo da ita daga Gombi har Michika, littafinta ni aka danƙa wa. Ya sha baƙin mai, bangon baya ya yage, amma shafin da ya jefa ni cikin wannan labari lafiyarsa ƙalau. A can na ga an rubuta ƙarfin ɗagawa na hannuwan baya: kilo 2,145. Akwai wasu 'yan kalmomi da suka biyo bayan lambar. Na gan su sarai. Amma ni mutumin lissafi ne, lamba nake nema, kuma na same ta. Sauran na bar wa malaman Turanci.

Ga wanda bai taɓa leƙa bayan tarakta ba, hannuwa uku ne a wurin. Biyu a ƙasa, kowanne da ƙwallon ƙarfe mai huda a bakinsa, inda ake zura fin a maƙala garma ko haro. Su ne man hayidirolik ke ɗagawa da saukewa. Na ukun yana sama a tsakiya, shi ke riƙe kan abin da aka maƙala kada ya kife. Tarihin wannan tsari kuwa a kaina yake. Na san Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, shi ya yi rajistar dabarar a Birtaniya a 1926. Na san ya haɗa kai da Henry Ford suka fitar da tarakta mai ita a 1939, sannan a 1946 ya fara ƙera 'yar toka-tokar nan tasa a Coventry ta Ingila. Na san hikimar ita ce nauyin garma da jan da ƙasa ke yi mata su koma kan tayoyin baya, su ƙara musu kamu. Duk wannan na zayyana wa direbanmu ina tsaye a inuwa, shi yana kwance a ƙarƙashin motar da sifana a hannu, yana cewa "To, Malam" a duk inda na ja numfashi.

Direban nan ɗalibina ne a da. Na sha zane shi a kan lissafin sau, musamman gidan bakwai, har ya bar makaranta bai haye shi ba. Ka riƙe wannan, zai yi amfani.

Gonar ƙungiya tana wajen Digil, kuma tsakaninta da hanyar mota akwai wani kwari da ruwan duwatsu ya ƙwaƙule, mai lanƙwasa a ƙasa, wanda tarakta ke iya bi ita kaɗai amma ba da tirela a bayanta ba. Saboda haka kowace kaka sai mu biya 'yan dako da masu amalanken shanu su fito mana da masara bakin hanya, kuɗin kuwa kullum gaba yake yi. Wani dare ina zaune da littafin nan sai abin ya faɗo mini. Buhun masara kilo 100 ne. Raba 2,145 da 100, ka samu buhu 21 da ragowar kilo 45. Na yi karamci, na yafe buhu guda da ragowar, na tsaya a kan 20. Abin da ake bukata kawai gadon ƙarfe ne da za a maƙala a hannuwan baya, a jera buhuna, a ɗaga, a tsallake kwari. Na tashi uwargida daga barci na shaida mata cewa na kashe sana'ar dako a Digil. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta juya.

A taro na zana abin a allo. Babu wanda ya yi musu, don ba a musu da mutumin da ke riƙe da alli. Ciyaman, wani dattijo mai shanu da bai cika magana ba, ya tambaya ko direba ya gani. Na ce, "Alhaji, direba tuƙi ya sani. Wannan maganar kimiyya ce." Aka fitar da kuɗin ƙarfe.

Mai waldar da na kai wa aikin a cikin gari ya dubi zanena, ya ja tef a ƙasa, ya ce, "Malam, mita biyu a baya? Bai yi tsawo ba? A jera su sama mana, a matso da su jikin motar." Na ce ya yi abin da aka sa shi. Ban gaya masa ainihin dalilin ba, amma kai zan gaya maka: so nake a shimfiɗa buhunan yadda duk wanda ke bakin hanya zai iya ƙirga su da ido. Da ya tambayi kaurin fin, na ce milimita 28, na rukuni na biyu, ban ko duba takarda ba, kuma na lura yaransa sun dakata da aiki sun kalle ni. Wannan kallon ya kai ni mako ina jin daɗinsa. Na kuma sa ya yi amfani da ƙarfe mafi kauri da ke shagon, kada gadon ya lanƙwashe ya ba ni kunya. Da aka gama, ƙarti huɗu ne suka ɗora shi a mota suna nishi. Na tsaya ina yaba ingancin aiki, ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa nishin nan ma kilo ne, kuma daga cikin 2,145 ɗina za a cire shi.

Direba ya ga gadon, ya zagaya shi, ya ce, "Malam, ba za ta ɗauka ba. In ma ta ɗauka, miƙewa za ta yi." Na ce wa ya faɗa? Ya ce babu wanda ya faɗa, amma ko babban haro ya ɗaga yakan ji sitiyari ya yi sakayau a hannunsa. Na buɗe littafi na ɗora yatsa a kan lambar. Na tambaye shi ko ya fi waɗanda suka ƙera motar sani. Na kuma tambaye shi, a gaban yaran motarsa, bakwai sau takwas nawa ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyar Malam."

Ranar kwasar masara na sallami 'yan dako tun da safe, har da 'yar nasiha a kan su nemi wata sana'a tun da wuri, duniya ta ci gaba. Na gayyaci Ciyaman da mai unguwa da duk wanda na haɗu da shi a ƙofar masallaci. Na sa farar shadda da hula zanna, domin na ji an ce wani yaro zai ɗauki bidiyo. 'Yan dakon ba su tafi ba. Suka hau kan wani dutse a inuwa suna ɓare gyaɗa, irin zaman mutanen da suka san za a neme su.

Samarin 'yan ƙungiya suka jera buhu 20 reras, gwanin sha'awa. Na ɗaga hannu, direba ya ja liba. Motar ta yi gurnani, hannuwan suka ɗan motsa, sai wani kuka siriri ya taso daga ƙarƙashin kujerar direba, kiiii, mai shiga haƙori. Gado ko gezau. Na ce ya ƙara wuta. Ya ƙara, hayaƙi ya turnuƙe mai unguwa, kukan ya ƙara tsini, gado yana nan inda yake. Direba ya ce, "Malam, bawul ne ke kuka, mai ya kai iyakar matsinsa yana komawa. Wuta sauri take ƙarawa, ba ƙarfi ba." Na ce a rage biyu, wataƙila masarar ba ta gama bushewa ba. Aka rage. Na ce a ƙara rage biyu, masu sayar da man hayidirolik na zamanin nan ba abin yarda ba ne. Aka rage. Daga nan na zargi zafin rana, na zargi sikelin da aka auna buhunan, na zargi wanda ya sayar mana da motar, har na fara kallon mai unguwa da wani ido. A kan dutse kuwa 'yan dako suna ƙirgawa da ƙarfi, baki ɗaya, da irin karin da nake koya wa yara ƙirga da shi: sha shida, sha huɗu, sha biyu.

A kan buhu goma gado ya tashi. Na juya wajen jama'a na buɗe hannuwa zan fara jawabi, na riga na shirya yadda zan nuna cewa goma ma ba kaɗan ba ce, sai na ga fuskokinsu sun ɗaga sama gaba ɗaya. Na waiwaya. Direba ya sa giya ya saki kuloci a ɗan tudun da ke gaban kwarin, gaban tarakta ya rabu da ƙasa. Tayoyin gaba suna shawagi a iska, suna juyawa hagu da dama yadda yake murza sitiyari, ba su taɓa komai ba. Fitilunta suna kallon saman tsaunukan Mandara. Ta ci gaba da miƙewa har wutsiyar gadona ta daki ƙasa ta tokare ta. Buhuna suka zame ɗaya bayan ɗaya, biyu suka fashe, masara ta malale cikin yashi, nauyi ya ragu, gaban motar ya dawo ƙasa tim, sai da na ji a tafin ƙafata. Awakin unguwa, waɗanda su kaɗai ne ban gayyata ba, suka iso kafin ƙura ta lafa. Ciyaman ya dube ni ya ce, "Sannu, Sakatare." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da aka sauko buhu bakwai motar ta tsaya da ƙafafunta huɗu, amma direba ya ce gaban bai zauna ba, a hawan kwari sitiyari ba zai kama ba sai an sa nauyi. Ƙarafan nauyin da ake ratayawa a hancin tarakta kuwa tun kafin ta zo hannunmu wani ya sayar da su. Ya dube ni daga hula zuwa takalmi, cikin ladabi, ya ce, "Malam, kilo nawa kake?" Na ce wannan ba tambayar da ɗalibi ke yi wa malaminsa ba ce. Ya ce, "Don lissafi ne, Malam." Na faɗa masa ƙasa-ƙasa. Ya maimaita da ƙarfi don Ciyaman ya ji: ɗari da 'yan kai. Haka aka tallabe ni aka ɗora a kan hancin motar, ƙafafuna suna reto a gaban lagireto, hannuwana riƙe da duk abin da suka samu, bonet kuwa ya sha rana daga sama ya sha inji daga ƙasa. Shadda, komai tsadarta, ba ta tare zafi. Muka gangara kwari muka hau, ina salati a kowane rami, hulata ta faɗi taya ta bi ta kai, 'yan dako na biye da mu suna tafi, yaron bidiyo yana gaba yana tafiya da baya don kada ya rasa fuskata. Hawan hancin tarakta ganganci ne da ke kashe mutane, zamewa ɗaya ta isa, kuma da wani na gani a wurin da na rubuta masa takardar gargaɗi da hatimin ƙungiya.

Sauran masarar 'yan dako ne suka fitar, a kan ninkin kuɗin da na hana su da safe. Babbansu ya ce ƙarin na nasiha ne.

Da daddare ina kwance rub da ciki, saboda dalilin da ba sai na faɗa ba, na ba uwargida labari yadda ya kamata a ba da shi, wato yadda na ceci amfanin gonar ƙungiya da jikina. Ta saurara har ƙarshe. Sannan ta ce, "Malam, kai da buhun masara ba nauyinku ɗaya ba?" Na ce kusan haka. Ta ce, "To me ya hana a ɗaure buhu guda a gaban, ga su nan zube a ƙasa?" Na buɗe baki. Na rufe. Na tuna gidan bakwai, na tuna tsumagiyar da nake ajiyewa a bayan allo, na tuna yadda yaron nan ya ce "don lissafi ne, Malam" ko murmushi bai yi ba. Har aka kira assalatu ban runtsa ba.

Ɗan ƙanwata, wanda ya karanta injiniyancin noma a Foliteknik ta Tarayya da ke nan Mubi, ya zo duba ni bayan ya ga bidiyon, kamar yadda duk mutanen unguwannin Lokuwa da Shuware suka gani. Ya karɓi littafin ya karanta mini 'yan kalmomin nan da na bar wa malaman Turanci. Ashe lambar ta ƙarfin da ake samu ce a daidai ƙwallayen bakin hannu, lokacin da hannuwan ke miƙe daidai da ƙasa. Na ce to, ai gadon a ƙwallayen aka maƙala shi. Ya ce, "Kawu, tashi." Ya cika bokiti da ruwa ya ba ni na riƙe a jikin cinyata, ya ce yaya? Na ce ko jikana zai iya. Ya ce to in miƙe hannu da shi gaba sosai. Kafin ya ƙirga biyar kafaɗata ta fara rawa, ruwa ya zube mini a takalmi. Ya ce ruwan bai ƙaru ba, nisa ne ya ƙaru, kuma tsakiyar nauyin buhunana ta kai mita guda a bayan ƙwallayen.

Shi ya sa, in ji shi, masu gwajin tarakta ba sa tsayawa a lamba ɗaya. Sukan auna a ƙwallayen, sannan su maƙala wani firam na ƙarfe su sake aunawa a inci 24, wato milimita 610, a bayansu, domin wajen nan ne nauyin kayan aikin da ake maƙalawa ya fi faɗawa. Lamba ta biyun ta fi ƙanƙanta, a taraktoci da yawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ita ce ta fi kusa da gaskiyar gona. Ta farkon ita ce mai talla ya fi so, don haka idan dillalai biyu suka kawo maka lambobi, kafin ka ce wannan ta fi waccan sai ka tabbata a wuri ɗaya aka auna su. A ƙa'idar gwaji ta ƙungiyar OECD, wadda asalinta ya koma 1959, ana ɗumama man hayidirolik, a bi hannuwan daga ƙasa har ƙarshen tashinsu ana auna ƙarfi mataki-mataki, a ɗauki wanda motar ke iya bayarwa a duk tsawon tafiyar, ba na wurin da ta fi jin daɗi ba, a kuma lissafa shi a kan kashi 90 cikin 100 na matsin da bawul ke buɗewa. Duk wannan a kan sabuwar mota ne, ba irin tamu da famfonta ya ga jiya ya ga yau ba, wadda idan aka kashe inji haro ke sauka da kansa a hankali. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe: a ɗakin gwaji ɗaure motar ake yi tamau yadda ba za ta motsa ba. Lambar tana faɗin abin da famfo da silinda za su iya. Ba ta yi wa kowa alkawarin cewa tayoyin gaba za su zauna a ƙasa ba. Wannan wani lissafin ne daban, na rinjaye tsakanin nauyin da ke gaban tayoyin baya da wanda ke bayansu, kuma abin da aka saba shi ne a bar aƙalla kashi 20 cikin 100 na nauyin motar a kan tayoyin gaba don sitiyari ya ji magana.

Ya kuma ba ni labarin da ya ɗan sanyaya mini zuciya. A jihar Nebraska ta Amurka wani manomi ɗan majalisa, Wilmot Crozier, ya sayi tarakta mai suna Ford wadda ba ruwanta da Henry Ford, ta ƙi yin abin da tallarta ta ce. Haushin haka ya sa ya tsaya kai da fata har aka yi doka a 1919 cewa duk irin taraktar da za a sayar a jihar sai jami'a ta gwada ta. A 1920 aka gwada ta farko, Waterloo Boy, kuma ɗakin gwajin yana nan yana aiki a Lincoln har yau. A nan gida cibiyar NCAM ta Ilorin ke irin wannan aikin. Na gyara zama, a gefe ɗaya dai, na ce ashe ni da Crozier jirgi ɗaya ya kwaso mu. Ya ce, "A'a, Kawu. Shi takardarsa ce ta yi masa ƙarya. Kai taka gaskiya ta faɗa."

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa sabon ilimi na samu, kuma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Duk rani na yi ta tare mutane a majalisa, ko maganar injin ban ruwa aka ɗauko sai in ce, "A ƙwallo ko a 610?" Har mai shayi ya fara tambayata ko madarar a ƙwallo nake so. Don haka da bazara ta kama, ƙungiya ta yi cinikin taki a wajen wani mai kiwon turke kusa da kasuwar shanu, aka ɗauko hayar tifa da wata tarakta mai loda a gaba, ni na naɗa kaina mai duba aiki. Mubi garin shanu ne, daga Kamaru da Chadi ake shigo da su ana lodin su zuwa kudu, saboda haka taki ba ya wuya. Ɗora shi a mota ne aiki. Mai lodar ya nuna mini takardarta a wayarsa. Na zare kashi ɗaya cikin huɗu daga lambar a gaban kowa, da alƙalami a tafin hannu, na bayyana dalili, na ambaci Nebraska. Na ce a cika bokiti taf, lissafi ya ba da izini.

Ita loda tana da nata tarkon. Lambarta ma ana iya ɗaukar ta a fin ɗin da bokiti ke juyawa a kansa, inda babu wanda ke zuba kaya, ko a milimita 500 gaba da shi, ko 800 a manyan loda, kamar yadda ƙa'idar ASABE, ƙungiyar injiniyoyin noma ta Amurka, ta tsara. Wannan ɓangaren na ɗan kusanto shi. Sai dai akwai maganar tsawo, wadda ɗan ƙanwata bai kai gare ta ba saboda na katse shi in ba shi labarin Ferguson. Akwai lamba ta ƙarfin ɓamɓaro kaya daga ƙasa, ita ce ta fi kowace girma. Akwai ta ɗagawa zuwa mita 1.5. Akwai ta ɗagawa har ƙarshe, ita ce ƙarama, saboda yayin da hannun loda ke tashi, kusurwar da silinda ke tura shi da ita tana ƙara matsewa, ƙarfi yana raguwa. Lambar da na zare wa kashi ɗaya cikin huɗu ta ƙasa ce. Bakin tifa kuwa a sama yake. Ga shi kuma ruwan farko ya sauka cikin dare, takin ya sha ya ƙoshi.

Bokiti ya nutse cikin tarin ya fito cike har da tozo. Ya tashi lafiya zuwa ƙugu, zuwa ƙirji, ya wuce kaina, sai ya tsaya cak, taƙi biyu ƙasa da bakin tifa. Kukan nan na kiiii ya taso, na gane shi nan take, cikina ya ɗuri ruwa. Tayoyin baya suka fara sakin ƙasa, domin loda gaba take rinjayar da mota, ita a baya ake sa mata nauyi. Direban lodar ya yi ihu a matsa. Kowa ya matsa baya. Ni na matso gaba, da tafin hannuna a buɗe, in nuna masa cewa bisa lissafi bokitin nan dole ya kai. Shi kuwa ya yi abin da zai ceci motarsa da ransa, ya karkata bokiti ya zubar da kaya. Ba dukansa ne ya same ni ba, alhamdu lillahi, don da duka ne da ba ni ke ba ka wannan labari ba. Gefe ne kawai, mai ɗumi, kore-kore, daga sabuwar hula har aljihun gaba inda alƙalumana ke jere, har cikin igiyar tabarau. Mai turken ya kawo buta, ya ƙare mini kallo, ya mayar da ita ya ce a jawo tiyon da ake wanke shanu. Mai Keke Napep na farko ya rage gudu, ya shaƙi iska, ya ƙara wuta. Na biyu ya ce sai dai shata, kuma a kan kwali zan zauna. A ƙofar gida uwargida ta leƙo, ta ce, "Wannan karon a ƙwallo ne ko a 610?" sannan ta miƙo mini sabulu ta saman katanga.

A taron ƙarshen wata Ciyaman ya kawo shawara a yanke gadon rabi, a riƙa jera kaya sama a jikin motar yadda mai walda ya faɗa tun farko, a kuma sayo ƙarafan nauyi na gaba. Direba ya ce in an yi haka buhu takwas za ta ɗauka lafiya. Babu wanda ya nemi ya ga takarda. Da aka zo kan yawan ƙarfen da za a saya, ma'aji ya tambaya kilo nawa, sai direba ya miƙe, ya harɗe hannuwa a baya yadda na koya musu a aji, ya ce, "A sayo Sakatare biyu." Aka amince baki ɗaya. Ni ke rubuta bayanin taro, don haka na rubuta kilo 200. Da na karanta a taro na gaba, Ciyaman ya ɗaga sandarsa ya ce ba haka aka faɗa ba, a gyara. Na gyara, na sake karantawa, aka sa hannu.